Hanyar Gidan Aune

Ƙarfe huɗu na asuba a Inari,
in har wannan ta cancanci sunan asuba,
don rana ta yi wata guda ba ta leƙo mu ba.
Na ta da injin, ya yi tarinsa na tsofaffi.
Na jira shi. Ni ma ana jira na.

Shekara talatin da ɗaya ina ture ƙanƙara daga titi,
shekara talatin da ɗaya tana komowa
kamar mai bin bashi da ya san ƙofar gida.
Ban taɓa cin ta ba, ba ta taɓa ci na ba.
Gaisawa kawai muke yi.

'Yata Vuokko ta zo hutu daga Oulu
da littattafai masu nauyin itacen murhu.
Ta ce: Baba, duniyar nan ƙwayar yashi ce a cikin duhu,
babu wanda ya aiko mu, babu wanda ke jiran saƙo.
Fasto Heikkilä kuwa cewa ya yi an rubuta komai,
mu ne ba mu iya karanta hannun ba.
Na dubi wannan, na dubi wancan,
na ƙara sukari a kofina.
Ni direba ne. Abin da fitila ta haska, shi na sani:
taku ashirin a gabana, sai kuma wani ashirin.

Akwai wata hanya da ta ɓalle daga babban titi,
kilomita huɗu cikin itatuwa,
ta ƙare a wani jan gida na katako.
Nan Aune ta zauna ita kaɗai.
Takan ajiye fitila a taga,
da gurasa mai ɗumi cikin tsumma a kan shinge.
Ba mu taɓa haɗa magana goma ba.
Kafin ƙanƙarar bana ta sauka aka binne ta.

A ofis suka ja wa hanyar jan biro:
ba kowa, kada a ƙona mai a banza.
Gaskiyarsu.
Sai na fara sayen man da kuɗina.

Kada ka tambaye ni wa ya sa ni.
Ina da 'yan dokoki da ba sa cikin takardar aiki,
ni na sassaƙa su, kamar ƙotar gatari,
har suka zauna daidai a tafin hannuna.
Ba na tara ƙanƙara a ƙofar mai ciwon baya.
Gidan da aka yi haihuwa, in zan wuce, nakan rage ƙara.
Barewa in ta tsaya a titi, titin nata ne
har ta gama tunaninta.
Hanyar da na taɓa buɗe wa mutum kuwa
ba na barin ta ta rufe don ya daina gode mini.

Jiya Vuokko ta hau kusa da ni,
ta naɗe cikin bargo, hanci kawai a waje.
Muka kai jan gidan. Taga baƙi ƙirin.
Na juya mota, fitila ta faɗa kan inda muka fito,
har fari ya soma cinye sawunmu.

Ta ce: Kafin azahar babu alamar ka zo.
Na ce: Haka ne.
Ta ce: To wa zai gani?
Na ce: Ni.

Ta yi shiru, injin na ta gunaguninsa.
Na zaci wani littafin za ta buɗe mini.
Sai na ji ƙofa, sanyi ya mare ni.
Ta zaro shebur daga bayan kujera,
ta nufi matakalar Aune, guda uku,
inda bakin motata bai taɓa kaiwa ba.

Na bar mata fitila a kunne.